Kabuki: Wasa Ne Ko Rawa, Kuma Ina Matan Suke?

Tambaya: Malam, ɗalibin wasan kwaikwayo ne ni a jami'a. Na ci karo da bidiyon kabuki na ƙasar Japan a YouTube. Na ga mutane da fuska fari fat, wasu da jajayen zane, suna magana da wata murya a jaye, can sai mutum ya tsaya cak ya zare ido, 'yan kallo kuma suna ta kiran wasu kalmomi da ƙarfi. An ce mini ma duk matan da na gani maza ne. Shin wasan kwaikwayo ne ko rawa? Me ya hana mata shiga? Kuma ta ina zan fara idan ina so in fahimce shi?

Amsa: Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Bari in fara da abin da na ga ya fi hana baƙo jin daɗin kabuki. Mu idan muka zauna kallo labari muke bi, wa zai auri wa, yaushe asirin mugu zai tonu. Wanda ya yanki tikitin gidan wasa na Kabuki-za a unguwar Ginza ta Tokyo kuwa, galibi ya san ƙarshen labarin tun kafin ya baro gida, domin wasannin da aka fi so an shafe shekara 200 zuwa 300 ana maimaita su. Ɗan wasa ya zo gani. Yana so ya ga yadda wane zai ɗaga hannu a wurin da mahaifinsa ya ɗaga, da yadda zai ja numfashi kafin kalmar da kakansa ya yi suna da ita. Ka riƙe wannan a ranka, sauran abubuwan da suka ɗaure maka kai za su warware da kansu.

Batun mata shi ne mafi ban mamaki, domin mace ce ta ƙago kabuki. Sunanta Okuni, ana danganta ta da babban wurin bauta na Izumo. A shekarar 1603, shekarar da Tokugawa Ieyasu ya karɓi sarautar shogun, wato shugaban mulkin mayaƙa, ita kuma tana tara jama'a a Kyoto da wata sabuwar rawa, har yau ana tuna ta da busasshen gefen kogin Kamo. Shigar maza take yi, da takobi a ƙugu, tana kwaikwayon 'yan iskan samarin zamanin masu ado na fitar hankali, waɗanda ake kira kabukimono. Kalmar ta fito daga aikatau kabuku, karkacewa, kauce wa hanyar da kowa ke bi. Daga baya ne aka zaɓa mata haruffa uku masu daraja, waƙa da rawa da gwaninta, kuma a cikinsu akwai rabin amsar tambayarka ta farko. Tun ran gini tun ran zane, kabuki bai taɓa raba wasa da rawa da kiɗa ba.

Abin ya karɓu, gidajen karuwai suka shigo da nasu ƙungiyoyin, maza suka riƙa faɗa a kan 'yan rawar, har da zare takubba. A 1629 hukuma ta hana mata hawa dandamali. Sai samari 'yan ƙasa da balaga suka maye gurbinsu, kuma irin ɓarnar da aka gudu aka sake faɗawa cikinta, don haka a 1652 aka hana su su ma. Da aka sake ba da izini, sharaɗin shi ne manyan maza kaɗai, su aske gashin goshi kamar kowane magidanci, kuma su riƙa yin wasa mai labari maimakon baje kyau. Ka duba abin da wannan doka ta haifar. Ƙato mai askakken goshi ba zai ja 'yan kallo da kyan fuska ba, dole ya koyi gwaninta. Ya rufe goshin da ƙyalle mai launin shunayya, daga baya aka gyara gashin ɗorawa, aka zauna aka yi nazarin yadda za a gina mace daga jikin namiji. Masu wannan sana'a su ne onnagata.

Kada ka ɗauka onnagata kwaikwayon matan titi yake yi. Wata siffa ce aka ƙera, kowane sashe da dalilinsa. Yana haɗe gwiwoyi ya ɗan rusuna don ya rage tsawo, ya karkato yatsun ƙafa ciki, ya ja allon kafaɗa baya ya sauke shi ƙasa har kafaɗun su zube wuya ya yi tsawo, ya ɓoye faɗin hannu cikin hannun riga ya bar kan yatsu kawai. Masu koyo a da takarda ake sa musu tsakanin gwiwoyi su yi tafiya ba tare da ta faɗi ba. Duk wannan yana yi ne a ƙarƙashin kaya masu nauyin gaske, domin shigar babbar karuwar birni irin Agemaki a wasan Sukeroku, da gashin da takalman katako masu tsawo, ta haura kilo 20. Yoshizawa Ayame na farko, wanda ya rasu a 1729, shi ne babban malamin wannan fanni, kuma ya yi wa almajiransa wasiyyar su riƙe halin mata ko a wajen dandamali. Na yau ba sa yin haka. Na san tunanin Bahaushe zai iya kai shi ga 'yan daudu, to ba nan aka dosa ba. Sana'ar dandamali ce da ake gada, da yawansu magidanta ne masu koya wa 'ya'yansu abin da iyayensu suka koya musu.

Dokar hana mata ta faɗi tun ƙarshen ƙarni na 19, har an sami mace irin Ichikawa Kumehachi da ta yi suna a wannan salo. Amma manyan gidajen wasa ba su sauya ba, sai dai 'yan mata ƙanana da kan fito a matsayin yara. Hujjar da ake bayarwa ita ce komai na kabuki an kambama shi, muryar jarumi da kayansa da takunsa, don haka macen da za ta tsaya kusa da shi dole ita ma ta zama ƙerarriya. Ina ganin akwai gaskiya a ciki, duk da ban yarda cewa mace ba za ta iya koyon wannan siffa ba, tunda mata ne suka fi yawa cikin masu koyon rawar gargajiya ta Japan, wadda akasarinta daga kabuki ta fito. Al'ada ce da kasuwa suka riƙe ƙofar.

Hannun hukuma bai tsaya kan batun mata ba, kuma idan ba ka san wannan ba, labaran za su riƙa ruɗa ka. An ɗauki 'yan wasa ƙasƙantattu, ana ce musu mabaratan bakin kogi, alhali jama'a na sayen hotunansu ana kwaikwayon ɗinkinsu. A 1714 wata babbar jakadiyar cikin gidan shogun mai suna Ejima ta biya gidan wasa na Yamamura-za ta makara komawa fada. Aka kore ta daga birni, aka tura ɗan wasa Ikushima Shingoro tsibirin Miyake, aka rufe gidan wasan har abada, birnin Edo, wato Tokyo ta yau, ya saura da manyan gidaje uku. A 1842 aka kwashe su zuwa gefen gari a Asakusa, aka kuma kori babban ɗan wasa Ichikawa Danjuro na bakwai daga Edo saboda almubazzaranci. Sannan an hana nuna abin da ya shafi gidajen mayaƙa na zamanin. Marubuta suka samo dabara, sai su ɗauki abin da ya faru jiya su mayar da shi shekara ɗaruruwa baya, su ɗan murɗa sunaye.

Babban misali shi ne Kanadehon Chushingura na 1748. A 1701 wani basarake, Asano na Ako, ya sari wani babban jami'in fada mai suna Kira a cikin fadar Edo. A ranar aka umarci Asano ya kashe kansa, aka ƙwace ƙasarsa. Bayan kusan shekara biyu barorinsa 47, a ƙarƙashin Oishi Kuranosuke, suka afka gidan Kira da dare suka sare kansa. Kaburburansu na nan a Sengakuji a Tokyo, har yau ana kai ziyara. A wasan, an mayar da labarin ƙarni na 14, Oishi Kuranosuke ya koma Oboshi Yuranosuke, wanda ko yaro ya ji ya san wa ake nufi. Kashi 11 ne da shi. A kashi na huɗu, inda basaraken ke zaune cikin fararen kaya yana jiran amintaccen baransa ya iso kafin ya soka wuƙa a cikinsa, al'adar da ita ce a rufe ƙofa, ba shiga ba fita. Bayan yaƙin duniya na biyu sojojin Amurka da suka mamaye Japan sun hana shi saboda ɗaukaka ramuwar gayya, sai a 1947 ya dawo.

Wannan wasa da 'yan'uwansa biyu, Sugawara Denju Tenarai Kagami na 1746 da Yoshitsune Senbon Zakura na 1747, ba don mutane aka rubuta su ba tun farko. Don wasan 'yar tsana na Osaka aka yi su, wanda yanzu ake kira bunraku, kabuki ya ara. Shi ya sa a irinsu za ka ga mutum biyu zaune a gefen dama, ɗaya na rera labari yana kuka yana gurnani, ɗaya na kaɗa shamisen, wato wani abin kiɗa mai tsirkiya uku da dogon wuya. Mai rerawar ne ke faɗin abin da ke zuciyar ɗan wasa, shi kuma ɗan wasan ya ɗora motsinsa a kan bugun tsirkiya. Shi ma Chikamatsu Monzaemon, wanda ake ɗauka mafi girman marubucin wasa a Japan, yawancin manyan ayyukansa don 'yar tsana ya yi su, ciki har da Sonezaki Shinju na 1703, labarin yaron shagon mai sayar da miyar waken suya da karuwar da yake so, waɗanda suka kashe kansu tare.

Zanen fuskar da ka gani sunansa kumadori, kuma ba kowa ke yin sa ba. Yawancin 'yan wasa farar hoda ce kawai, ko launin fata. Kumadori na salon aragoto ne, salon ƙarfi da gagara na birnin Edo, wanda Ichikawa Danjuro na farko ya kafa, mutumin da wani abokin sana'arsa ya soke shi har lahira a gidan wasa a 1704. Zanen yana bin jijiyoyi da naman fuska ne, kamar jini ya taso. Ja na jarumi ne mai zafin zuciya da gaskiya, shuɗin baba na azzalumin basarake ne ko fatalwa, ƙasa-ƙasa kuma na dodanni da aljanu. Ɗan wasa da kansa yake zana fuskarsa, yana ja da buroshi yana shafe gefe ɗaya da yatsa. A Kyoto da Osaka kuwa wani salo ne ya yi ƙarfi, wagoto, na Sakata Tojuro na farko, inda jarumin ɗan attajiri ne mai laushin hali wanda soyayya ta tsiyata shi. Yankunan biyu, na Edo na mayaƙa, na Kyoto da Osaka na 'yan kasuwa, kowanne ya ƙera namijin da yake so ya gani.

Tsayawa cak ɗin nan ita ce mie. Idan motsin rai ya kai ƙololuwa, ɗan wasa ya taka ƙafa, ya juya kai, ya daskare, wani lokaci ya karkato ƙwayar ido ɗaya ciki. A daidai nan wani mutum da ke durƙushe a gefen dandamali yana buga katako biyu a kan allo, ba-tan! Aikinta shi ne tara idon mutum dubu a kan fuska ɗaya, abin da kyamara ke yi yau idan ta matso kusa. Kiran da ka ji daga 'yan kallo kuma ba hayaniya ba ce. Kowane gidan 'yan wasa yana da laƙabinsa, gidan Danjuro Naritaya, gidan Onoe Kikugoro Otowaya, gidan Matsumoto Koshiro Koraiya. Gwanayen kallo da ke zama can sama a kujeru masu araha su ne ke jefa laƙabin, kuma dole ya faɗa cikin ɗan shirun da ke tsakanin motsi da motsi. Wanda ya san yadda kirari ke tsuma ɗan dambe ya san amfaninsa. Amma baƙo ba ya gwadawa, domin kira ɗaya a gurbin da bai dace ba yana ɓata wa ɗan wasa numfashi. Wannan shirun da Japananci suna ce masa "ma", kuma a wurinsu da shi ake gane gwani.

Ka ce ta ina za ka fara. Ka nemi Kanjincho, kuma bari in ba ka shi dalla-dalla, domin a cikin awa ɗaya da 'yan mintoci ya tattara duk abin da nake faɗa. Danjuro na bakwai ne ya fara yin sa a 1840, ya ɗauko shi daga Ataka, wani tsohon wasan noh, wato salon wasan Japan da ya girmi kabuki, shi ya sa dandamalin babu komai sai hoton itacen pine guda a bango da mawaƙa da makaɗa jere a kan jan shimfiɗa. Yana cikin wasanni 18 da gidan Danjuro ya ware a matsayin gadonsa.

Ƙarshen ƙarni na 12 ne. Yoshitsune, jarumin da ya ci wa yayansa Yoritomo yaƙi, yanzu yayan na farautarsa. Yana gudu arewa da barori biyar, sun yi shigar malaman duwatsu masu yawon ibada, shi kuma an mayar da shi ɗan dako, malafa ta rufe masa fuska. Babban baransa shi ne Benkei. Suka iso shingen Ataka, inda Togashi ke tsaro, kuma an riga an gaya masa masu gudun sun yi shigar malamai. Benkei ya ce su masu tara gudummawa ne don sake gina wurin bauta na Todaiji a Nara. Togashi ya ce to, mai tara gudummawa ba ya rasa takardar neman taimako, karanta mu ji. Benkei ya zaro naɗaɗɗiyar takarda da babu wannan rubutu a cikinta, ya ware, ya shiga ƙago karatu da ka, da manyan kalmomin addini, murya ba ta rawa. Togashi yana matsowa a hankali yana leƙe, Benkei ya fizge takardar zuwa ƙirji, su uku suka daskare, har da ɗan dakon da ke gefe yana riƙe da bakin malafa. Sai tambayoyi kan aƙidar malaman da ma'anar kowane abu da ke jikinsu, tambaya da amsa na ƙara sauri kamar ana sara da karewa. Benkei bai faɗi ko ɗaya ba. Aka ba su hanya.

Suna cikin wucewa wani mai gadi ya raɗa wa Togashi cewa ɗan dakon nan ya yi kama da Yoshitsune. Aka tsayar da su. Barori suka kai hannu ga takubba, Benkei ya tare su da sandarsa. Sai ya juya kan ubangidansa, ya hau zaginsa, kai ragon banza, kullum kamanninka na jawo mana tuhuma, ya ɗaga sanda ya dake shi, har ya ce idan ana shakka bari ya kashe shi a nan. A duniyar da bara ba ya ɗaga ido ya kalli ubangida, wannan abu ne da ya fi mutuwa nauyi. Togashi ya gane sarai wane ne ɗan dakon, ya kuma gane abin da dukan ya ci wa Benkei. Ya ce ya isa, ku tafi. Ya san sakin nan na iya zama ajalinsa. Babu kalma ɗaya a wasan da ta faɗi haka. Ɗan wasan zai ɗaga fuska sama kawai don kada hawaye ya zubo, ya juya ya fita. Na kalli wannan wuri sau da yawa, a gidan wasa da a faifai, kuma kowane Togashi da lokacin da yake gane gaskiya, wani tun a karatun takarda, wani sai a duka. Masu kallo kan yi ta muhawara a kan wannan bayan an tashi.

Bayan sun yi nisa, Benkei ya faɗi ƙasa yana neman gafara, mutumin da aka ce bai taɓa kuka ba ya yi kuka, Yoshitsune ya miƙa masa hannu. Togashi ya biyo su da giyar ban haƙuri, Benkei ya sha, ya tashi ya yi rawa, yana cikin rawar yana yi wa sauran alama su sulale. Aka ja labule, ya saura shi kaɗai a kan hanamichi, wata doguwar gada da ta ratsa tsakiyar 'yan kallo daga dandamali zuwa bayan zaure. Ya rusuna wajen da Togashi yake, ya rusuna wa sama, sannan ya fita da tsalle a ƙafa ɗaya-ɗaya, hannu a ware, ganguna na tashi. Sunan wannan fita tobi roppo. Matsumoto Koshiro na bakwai ya yi Benkei fiye da sau 1,600, jikansa Koshiro na tara ya cika sau 1,000 a 2008. To ka gaya mini, a wannan wasa ina magana ta ƙare, ina rawa ta fara?

Akwai kuma waɗanda rawa ce zalla, kuma a da gonar onnagata ce. Sarauniyarsu ita ce Musume Dojoji, wadda Nakamura Tomijuro na farko ya fara a 1753. Tushenta tatsuniya ce ta wata budurwa da wani matashin malami ya yaudara, ta bi shi, baƙin ciki ya mayar da ita macijiya, ya ɓuya a ƙarƙashin babbar ƙararrawar wurin bauta na Dojoji, ta naɗe ƙararrawar ta ƙone shi a ciki. Rawar tana farawa ne bayan shekaru, ranar da za a rataya sabuwar ƙararrawa, an hana mata shiga. Wata 'yar rawa mai suna Hanako ta roƙa aka bar ta. Kusan awa guda mutum ɗaya yana rawa, yana ratsa kowane launi na son budurwa, wasan ƙwallo na yarinta, kunya, kishi, jiran wanda bai zo ba. Abin lura shi ne idonta. Lokaci-lokaci, a tsakiyar fara'a, sai ta saci kallon ƙararrawar, fuskar ta canza na ɗan ƙiftawa. A nan za ka ga hikinuki, inda mataimaki ke zare wasu zaruruwa daga rigar sama, a fizge ta gaba ɗaya, sabuwar riga mai wani launi ta bayyana ba tare da rawar ta tsaya ba. A ƙarshe tana kan ƙararrawar, riga mai zanen ɓawon maciji a jikinta.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce Sagi Musume, ruhin balbela a siffar budurwa, tsaye cikin dusar ƙanƙara da fararen kayan amarya da laima, wadda a salon da aka fi sani yanzu take ƙarewa da mutuwa tana kaɗa fuka-fuki a ƙasa. Ka nemi ta Bando Tamasaburo na biyar. An haife shi a 1950 ba a gidan kabuki ba, ya fara rawa yana yaro bayan ya yi fama da shan-inna, Morita Kanya na 14 ya ɗauke shi ɗa, kuma a 2012 gwamnati ta sa shi cikin waɗanda ake kira taskar ƙasa mai rai. Idan ka ga yadda yake lanƙwasa baya a hankali har gashi ya kusa taɓa ƙasa, tambayar namiji ne ko mace za ta fita daga kanka.

Dandamalin kansa ba zan daɗe a kansa ba. Mai juyawa ne, an ƙago shi a Osaka a 1758, tun kafin Turai ta yi nata. Akwai ramukan da ke ɗago mutum daga ƙasa, har da wani ƙarami a kan hanamichi wanda fatalwa da aljanu da matsafa kaɗai ke fitowa ta cikinsa. Mutanen da ke sanye da baƙi har fuska suna kawo kujera suna kwashe kaya, an yi yarjejeniya cewa ba a ganin su. A gefen hagu, bayan wani baƙin asabari, makaɗa ne ke yin ƙarar ruwa da iska da teku da babbar ganga, har dusar ƙanƙara da ba ta da ƙara suna da bugunta, mai taushi a hankali.

Saura batun gado, wanda shi ne ƙashin bayan abin kuma shi ne inda nake da damuwa. Sunaye irin Danjuro kamar sarauta suke. Yaro yakan fara hawa dandamali tun yana shekara biyar ko shida da ƙaramin suna, ya hau na tsakiya, sai ya cancanta a naɗa masa babban. Bikin naɗin ana ce masa shumei, manyan 'yan wasa su jeru a durƙushe cikin kayan girma suna roƙon jama'a su riƙe sabon mai sunan. Danjuro na 12 ya rasu a 2013, ɗansa ya zama na 13 a watan Nuwamba na 2022, bayan annobar korona ta ɗage bikin daga 2020. Da suna ake gadon kata, wato tsararren yadda ake yin kowane matsayi, inda za a tsaya, inda za a kalla. Ta haka motsin da aka ƙago a ƙarni na 18 ya iso gare mu a jikin mutum mai rai, ba a takarda ba. Amma tsarin yana da tsada ga wanda ba ɗan gida ba. Gidan wasa na ƙasa da aka buɗe a 1966 ya fara horar da 'yan wasa daga waje a 1970, kuma yau kusan kashi ɗaya cikin uku na 'yan kabuki daga can suka fito, sai dai mafi yawansu a ƙananan matsayi suke tsufa, suna tsalle suna faɗuwa a fagen faɗa don ɗan gida ya haskaka. Irin Tamasaburo ɗaiɗai ne. Ina ganin nan ne kabuki ya fi buƙatar buɗe hannu.

Darajar da yake da ita yau sabuwa ce. Sai a 1887 sarkin Japan, Meiji, ya zauna ya kalli kabuki, abin da ya wanke 'yan wasa daga sunan mabarata. Aka buɗe Kabuki-za a 1889, ginin da ke tsaye yanzu shi ne na biyar, na 2013. A 1928 ƙungiyar Ichikawa Sadanji na biyu ta kai shi Tarayyar Sobiyat, karon farko a waje. UNESCO ta ayyana shi cikin gadon ɗan'adam a 2005. Duk da haka ba kayan gidan tarihi ba ne, kamfanin kasuwanci ne, Shochiku, ke gudanar da shi da kuɗin tikiti, shi ya sa ake ta ƙago sababbin wasanni, har daga labaran zane na matasa, ana shawagi da 'yan wasa a kan igiya bisa kawunan jama'a. Wasu na ƙyamar haka. Ni ban ga laifinsa ba, abin da Okuni ta yi ke nan a zamaninta, muddin masu yin sa sun iya tsohon.

Idan ka zauna kallo, ka fara karanta taƙaitaccen labarin don hankalinka ya huta daga bin sa. Kada rashin jin Japananci ya dame ka, harshen tsoho ne, Japanawa da yawa su ma da na'urar bayani a kunne suke kallo. Ka kalli Kanjincho sau biyu da 'yan wasa daban, a karo na biyu ka bar Benkei ka zuba wa Togashi ido. Bayansa Musume Dojoji, sannan kashin Terakoya daga Sugawara, inda uba ke duba kan yaron da aka sare, ya tabbatar wa maƙiya cewa na ɗan ubangidansa ne, alhali kan ɗansa ne na cikinsa da ya turo da gangan a kashe a madadinsa. In kuma Allah ya kai ka Tokyo, Kabuki-za na sayar da tikitin kashi ɗaya mai araha a hawa na huɗu, kusa da inda masu jefa laƙabi ke zama. A watan Disamba kuma gidan Minami-za na Kyoto ke yin babban wasan shekara, ana rataya sunayen 'yan wasa a allunan katako a ƙofa, kuma gidan yana bakin kogin Kamo, taku kaɗan daga mutum-mutumin Okuni.